Tabarmar kakkaɓe taya a ƙofar filin gini: wata tara na yi da ita, ga abin da na gani

Shekara 17 ke nan ina kula da filayen gini, kuma a duk tsawon lokacin nan babu abin da ya haɗa ni rigima da maƙwabta kamar ƙofar fita. Ƙarar injin ana haƙuri da ita, toshe hanya na minti biyar ma ana haƙuri, amma lakar da tifa ke ɗebowa ta shafe kwalta da ita ba mai yafe ta, kuma suna da gaskiya. Aikin da zan yi magana a kansa ginin rumbunan ajiye kaya ne a fili mai faɗin hekta 2 da 'yan kai. Rabin ƙasarsa yashi ne, rabi kuma yumɓu ne mai danƙo, sannan ƙofarsa tana buɗewa kai tsaye kan kwalta mai yawan zirga-zirga. A makonnin haƙa harsashi, tifa kan fita sau 60 zuwa 70 a yini.

Abin da ya sa na nemi wannan kaya shi ne wata safiya da aka yi yayyafi. Wani mai babur ɗauke da yarinya 'yar makaranta ya taka birki daidai ƙofarmu, babur ya zame ya kwanta. Ya ƙuje gwiwa da gwiwar hannu, yarinyar kuwa Allah ya kiyaye ta. Na fito na tsaya a tsakiyar hanya na duba: layi biyu na jar laka sun miƙe daga ƙofarmu har inda ido ya ƙure. Mutumin bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, “Injiniya, dubi abin da motocinku ke yi wa hanyar mutane.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kada a ɗauka a lokacin ba mu da komai a ƙofar. Muna da shimfiɗar duwatsu, irin wadda kowa ya sani, kuma bisa ƙa'ida muka yi ta: tsawon mita 15, kaurin santimita 15, fasassun duwatsu masu girman dunƙulen hannu, a ƙarƙashi kuma ƙyallen roba mai barin ruwa ya wuce amma ya hana duwatsun nutsewa cikin ƙasa. Faɗinta mita 6 ne, don haka ta ci duwatsu fiye da tan 20. Makonni biyu na farko ta yi aiki. Daga nan sai abin da ke faruwa da kowace shimfiɗar dutse ya faru da ita. Ramukan da ke tsakanin duwatsu, waɗanda su ne ma'ajiyar lakar, suka cika. Nauyin tifa mai kaya ya danne komai ya zama daɓe. Daga ranar da ta zama daɓe kuwa ta daina karɓar laka, ta koma ita ke ba taya guzuri. Mun tayar da ita da haƙoran injin haƙa, mun ƙara duwatsu sau uku cikin wata biyu. Ga wata matsalar da ba a cika faɗa ba: dutse kan maƙale tsakanin tagwayen tayoyin baya, idan mota ta hau kwalta ta ɗauki gudu sai ya fita kamar harsashin gwafa. Sau ɗaya ya fasa gilashin motar wani bawan Allah da ke biye.

A wannan hali nake na yi waya da wani kamfani mai ba da hayar kayan tsabtace ƙofar fili. Abubuwa uku ne cikin yarjejeniyarmu: tabarmin kakkaɓe taya, zuwan ma'aikatansu sau biyu a mako don kwashe lakar da ta taru, da motar shara idan an buƙata. Daga baya muka ƙara na huɗu, injin wanke taya, zan zo kansa.

Tabarma nake ce mata don shimfiɗa ta ake yi, amma ba a naɗe ta. Falle ne na roba mai taurin gaske, faɗinsa ya haura mita 3 da rabi, tsawonsa mita 2 da ɗan ɗoriya, nauyinsa ya kusa kilo 200. Samansa cike yake da ƙulu-ƙulai masu siffar dala, kowanne tsayinsa kamar faɗin yatsu huɗu, an jera su a karkace yadda taya ba za ta sami hanyar bi tsakaninsu ba. Dabarar mai sauƙi ce. Idan taya ta hau kan tsinin, robar tayar na lotsawa, haƙoran tayar su buɗe, abin da ke maƙale a ciki ya saki ya faɗa cikin kwarin da ke tsakanin ƙulu-ƙulan, inda tayar da ke biye ba za ta taɓa shi ba. Girgizar da motar ke yi kuma tana zubar da busasshiyar ƙasar da ke manne a ƙarƙashinta.

Kafawar ita ce abu na farko da ya burge ni. Sun iso da sassafe da falle biyar, muka share wurin da gireda, aka sauke su da injin ɗaga kaya, aka haɗa su da ƙarafa da kusoshi, aka kafe gefunansu a ƙasa. Kafin azahar tifa ta fara bi. Shimfiɗar duwatsu kwana biyu ta ci mana. Shugaban ma'aikatan da suka zo ya san aikinsa, ya kuma ƙi yarda a ɗora falle a kan wani lotsattsen wuri sai da muka cike shi muka danne. Na ga amfanin wannan taurin kan nasa daga baya, don a duk wata taran babu falle ko ɗaya da ya tsage ko ya goce, duk da motocin kankare da manyan tireloli masu ɗauke da rodi da suka bi ta kai.

Sai dai tun ranar na yi musu gardama a kan tsawo. Falle biyar a jere mita 10 da rabi ne. Tayar tifa tsayinta ya ɗan haura mita 1, zagaye ɗaya da za ta yi kuwa tana cin kusan mita 3 da kashi uku cikin goma. Ke nan a kan falle biyar sau uku kacal taya za ta juya. Wakilin kamfanin ya ce mini, “Yallabai, biyar ne muke ba kowa, kuma ba a taɓa kawo mana ƙara ba.” Na bar shi a haka, ban so ba. Bayan wata ɗaya na sa suka ƙaro uku, tsawon ya kusa mita 17, taya ta koma juyawa sau biyar. Bambancin a bayyane yake ga duk mai ido: falle na shida da na bakwai ma suna tara ƙasa, wadda da can kwalta ce ke karɓarta. Wanda zai yi haya ya ƙirga zagayen taya da kansa, kada ya karɓi adadin da aka saba ba kowa.

A lokacin rani ba ni da abin cewa sai yabo. Busasshiyar ƙasa da yashi da tsakuwa duk suna zuba. Nakan tsaya da yamma in duba mita 20 na farko na kwaltar, abin da nake gani bai wuce ɗan fari-fari da tsintsiya ke ɗaukewa cikin minti goma ba. Duwatsun da ke maƙalewa tsakanin tagwayen tayoyi sun ragu ƙwarai tunda babu shimfiɗar dutse kuma. Kwashe abin da ya taru ma ba wuya: leburori biyu da shebur mai siririn baki da baro, sukan gama cikin rabin awa. Na auna wata rana don in sani, baro 9 muka kwashe daga aikin yini ɗaya. Baro 9 ɗin nan da kan hanyar jama'a za su kwana.

Amma tabarmar ba ta aiki sai direba ya yarda. Idan aka bi ta a guje, taya tsalle take yi daga tsini zuwa tsini, ba ta samun lokacin lotsawa. Tafiyar ƙafa ita ce gudun da ya dace, giya ta ɗaya, ba taka birki a kai, ba murɗa sitiyari. Direbobin tifa kuwa da yawan sawu ake biyansu, kowane minti kuɗi ne a wurinsu. Makon farko sai da na tsaya da kaina a ƙofar. Akwai wani dattijo a cikinsu da ya girme ni nesa, ya leƙo ta taga ya ce, “Injiniya, wannan abin naka zai kwance mini ƙashin baya.” Na ce, “Baba, yi haƙuri ka bi a hankali, idan ka rage gudu girgizar ma raguwa take yi.” Ya gwada, ya ga haka ne, kuma shi ya koma yana tsawata wa yaran. Wasu kuma suka gano cewa akwai rata tsakanin gefen tabarmar da ginshiƙin ƙofa, sai su sa tayar gefe ɗaya a ƙasa. Na jera gangunan da aka cika da kankare a ɓangarorin biyu. Ƙofar baya da masu ƙananan motoci ke satar fita ta cikinta kuwa na sa mata kwaɗo. Kamfanin bai faɗa mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali su ne rabin aikin.

Sai damina ta sauka, aikin kuma ya koma ɓangaren yumɓu. A nan ne na ga iyakar kayan. Jiƙaƙƙen yumɓu ba ya zuba don an girgiza shi. Manne wa taya yake yi kamar danƙo, ya cika haƙoranta, ya yi faifai tsakanin tagwayen tayoyi, ya yi ɗamba a ƙarƙashin murfin taya. Tsinin tabarmar yana cire wani abu, ba na musu, amma abin da ya cire ɗin shi ke cika kwarin cikin awa biyu ko uku. Da zarar laka ta kai kan tsini, tabarmar ta koma daidai da tsohuwar shimfiɗar duwatsunmu ranar da ta zama daɓe. Wata Laraba na ƙirga, tifa 22 ne suka bi kafin ƙulu-ƙulan falle na farko su ɓace gaba ɗaya cikin laka. Takardar tallan kamfanin ta nuna hoton mota mai fita da taya tas a cikin ruwan sama. A ƙasa mai yashi zai yiwu. A yumɓu ban gani ba, kuma da na so a ce wakilinsu ya ɗebi ƙasar filin a hannunsa ya murza tun ranar farko, ya gaya mini gaskiya.

Kwashewa sau biyu a mako da muka yi yarjejeniya a kai ba ta da wani amfani a irin wannan yanayi. Sau uku a yini ake bukata. Na ware leburori biyu ba su da wani aiki sai wannan. Ban riƙe kamfanin da laifi a nan ba, don ba za su tare a filina ba. Inda na riƙe su shi ne zuwan nasu ma bai tabbata ba. A cikin wata uku na damina sau biyar suka saɓa rana, kuma ba wanda ya kira ya sanar da ni, sai ni ne zan bi su da waya.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya faru ne wata Asabar. An yi ruwa da daddare, hanya ta ɓaci, na kira su su turo motar shara. Sai suka turo tankar ruwa da samari biyu da tiyo. Kafin in iso sun wanke kusan mita 100 na kwalta, sun kora jan ruwan gaba ɗaya cikin magudanar gefen hanya. Hanya ta yi kyau, har suna jiran in yaba. Na ce da babbansu, “Malam, ina lakar ta tafi?” Ya nuna mini bakin magudana. Na ce to can ɗin ma hanyar mutane ce. Lakar da ta shiga magudana kwanciya take yi a cikin kwalbati, ta rage masa faɗi, ruwan sama na gaba ya rasa wurin bi ya hau kan titi ko ya shiga gidaje. Wadda ta wuce kuma rafi za ta, ta dagula ruwa, ta hana haske isa ga tsirran ƙasa, ta binne tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, ta kuma tafi da man inji da burbushin siminti da ta kwaso daga fili. Ba a banza ba ne izinin gine-gine na hukumar kare muhalli ta Amurka, wanda ya shafi filayen da aka tone eka 1 ko fiye, ya hana kora irin wannan laka da tiyo cikin magudana. Cewa ya yi a share, ko a kwashe da shebur, ko a zuƙe da inji, kuma a gama kafin a tashi aiki a ranar da abin ya faru. A kudancin Kalifoniya ƙa'idar ƙura ba ta yarda sawun ƙasa ya kai ƙafa 25 daga ƙofar fili ba, wato bai cika mita 8 ba. A Ingila kuma dokar manyan hanyoyi ta 1980 ta mai da zuba abin da zai jefa masu bin hanya cikin haɗari laifi. Kamfanin da sana'arsa ke nan bai kamata a ce ni ne zan koya wa yaransa wannan ba. Ranar Litinin muka buɗe murafun magudanar muka kwashe da hannu, yini guda cur. Manajan ya ba da haƙuri, kuma daga ranar motar shara mai zuƙa suke turowa, wadda ke fesa ɗan ruwa a gaban burushinta ta tsotse komai cikin tankinta. Ita kam aikinta ya yi kyau, sai dai idan laka ta bushe ta kama kwalta dole a fara kankare ta da shebur.

Bayan wannan ne na karɓi injin wanke taya. Wani dogon akwati ne na ƙarfe da mota ke hawa, da bututu a ƙasa da gefe da gefe. Idan mota ta shigo, na'ura na ganinta ta kunna famfo, ruwa ya feso da ƙarfi a kan tayoyi da ƙarƙashin mota, ya gangara cikin tanki, laka ta kwanta, a sake amfani da ruwan. Mun sa shi kafin tabarmar, don tabarmar ta zama wurin da taya za ta ɗige kafin kwalta. Wannan jerin yana da muhimmanci. Jiƙaƙƙiyar taya idan ta sake taka ƙasa ko taku ɗaya ne, ta fi busasshiya ɗaukar datti, saboda haka daga injin har kwalta bai kamata a sami ko tafin hannu na tsurar ƙasa ba.

Injin ya yi maganin yumɓu, wannan gaskiya ne. Matsalarsa ruwan da yake sake juyawa ne. Na ɗebi ruwan tankin a kwalba na ajiye a kan teburina. Yashi ya kwanta kafin in zauna. Ƙasa mai laushi ta kwanta cikin awa ɗaya ko biyu. Amma bayan kwana uku ruwan saman bai washe ba, ja ne har lokacin. Dalili shi ne ƙwayar yumɓu ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, ƙanƙantarta ta sa ba ta nutsewa da wuri. Ke nan da jan ruwa muke wanke taya, mota ta fita tana ɗigar da shi, ya bushe a kwalta ya zama gari. Maganin shi ne wani sinadari da ake ɗigawa cikin tankin, yana haɗa ƙananan ƙwayoyin su dunƙule su yi nauyi su nutse. Kamfanin yana da shi, amma sai da na nuna musu kwalbar sannan suka kawo. Da aka fara sa shi ruwan ya koma kamar na rijiya cikin mintuna. Sauran wahalhalun injin su ne na kullum: yana son janareta, bakin bututu na toshewa, kuma lakar gindin tanki sai an kwashe ta da injin haƙa duk bayan 'yan kwanaki, a zuba ta can cikin fili inda ruwa ba zai maido ta ba. Ruwan wanke motar kankare kuwa kada a kuskura a bar shi ya shiga tankin, kaifinsa na ƙona fata, ramin kansa daban ake yi masa.

Akwai dalilin da ya sa na damu da garin nan da ke bushewa a kwalta, har wasu abokan aiki ke ganin na cika tsanani. Laka a kan hanya kwana ɗaya take laka. Rana na fitowa ta bushe, tayoyin motoci ɗaruruwa su niƙe ta, kowace mota da ta wuce ta tashe ta sama. Mafi munin ƙurar ita ce wadda ido ba ya gani, mai ƙwayar da ba ta wuce kashi goma cikin dubu na milimita ba, wadda masana ke kira PM10. Gashin kan mutum ya ninka ta kauri sau biyar zuwa bakwai. Hanci ba ya tare ta duka, tana wucewa cikin ƙirji, mafi ƙanƙanta kuma har can cikin huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, matsakaicin wannan ƙura a yini bai kamata ya wuce maikirogiram 45 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska ba, wato ɗaki mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Ƙurar filin gini kuma tana ɗauke da silika daga yashi da dutse da kankare, wadda ke taurara huhu idan an daɗe ana shaƙa, kuma tun 1997 cibiyar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Leburana ina ba su takunkumi. Mai gadin ƙofar, da matar da ke share gaban gidanta a tsallaken titi, da yaran da ke wucewa makaranta, ba wanda ya ba su. Matar nan ta taɓa tare ni ta ce, “Ɗana, jikana mai asma ne, tun da kuka zo ba na buɗe taga.” Na ce, “Mama, in sha Allahu za ki ga canji.” Bayan motar shara mai zuƙa ta fara zuwa a kai a kai, na ga tagoginta a buɗe. A duk abin da zan auna aikin kamfanin nan da shi, wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Wani abu kuma da ya rage mana wahala fiye da duk kayan hayar, mu muka yi shi da kanmu. Na zuba tsakuwa a hanyar cikin fili tun daga wurin lodi har ƙofa, na hana tifa sauka daga kanta. Injin haƙa ne ke shiga cikin taɓo, ya miƙo hannu ya zuba wa tifa tana tsaye a kan tsakuwa. Na hana cika kaya har ya yi tozo, na sa ana rufe shi da tampol, yaran mota kuma su kakkaɓe bakin bodi kafin a tashi. Ranar da aka yi ruwa mai yawa nakan dakatar da fitar da ƙasa har zuwa hantsi. Bayan haka lakar da ke isowa ƙofa ta ragu da abin da ya fi rabi a ganina, leburorin nan biyu suka koma kwashewa sau ɗaya a yini.

To, zan sake ɗaukar hayar tabarmar? Zan sake, ba tare da jinkiri ba, kuma na fi son ta a kan shimfiɗar duwatsu. Ana kafa ta cikin awoyi, ana iya ɗauke ta a mayar wata ƙofar idan tsarin aiki ya canza, kamar yadda muka yi a wata na bakwai cikin rabin yini, ana ganin lokacin da ta cika da ido, kuma ba ta harba dutse. Ga fili mai yashi ko aikin rani ita kaɗai ta isa, in dai tsawonta ya kai kuma an tsare gefunanta. Ga fili mai yumɓu a damina ba ta isa ba, sai da injin wanki da sinadarinsa da mutum tsaye a kanta. Kayan kamfanin na yaba da su. Hidimarsu kuwa tsaka-tsaki ce: masu kafawa ƙwararru ne, masu talla sun faɗi fiye da abin da kayan ke iyawa, masu zuwa kwashewa kuma ba a koya musu inda laka ya kamata ta ƙare ba. A yarjejeniya ta gaba zan sa a rubuta adadin falle bisa zagayen taya, a rubuta cewa ba a wanke titi da tiyo, a rubuta awa nawa za su ɗauka kafin su iso idan an kira, sannan wakilinsu ya zo ya ga ƙasar filin tana jiƙe kafin a sa hannu.

Ranar da suka zo ɗaukar kayansu, mun riga mun zuba kankare a harabar gaba ɗaya. Aka kwance kusoshi, injin ya ɗaga falle na farko, ƙasar da ke ƙarƙashinsa a bushe take, a daddanne, da zanen gindin tabarmar a jikinta. Tsinin falle biyu na farko, waɗanda suka fi shan nauyi, sun ɗan dakushe a daidai sawun taya, sauran shida kuwa kamar ranar da aka kawo su. Aka wanke su a cikin fili, kusa da ramin tara laka, aka loda, motar ta fita ta kan sabon kankare. Na bi bayanta da ƙafa har bakin kwalta, na buɗe murfin magudanar farko na leƙa, ina ganin gindinta.